Sun Ce Ni Wata Iri Ce

Jama'ar da ke biye da ni a wannan shafi, na ga saƙonninku, har da na masu tsokanar cewa na ɓuya ne don an sa mini rana. Ba zan amsa wa kowa ba sai kun ji abin da ya faru ranar Asabar. Ku gyara zama, ni Sherifa yau ba da dariya na zo ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: a unguwar Ayigya Zango aka haife ni, a gidan haya mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, ƙofarsa ɗaya tal, irin gidan da in kika shigo da leda kowa ya san abin da ke ciki kafin ki kai ɗakinki. Ina aiki a wani shagon fotokwafi kusa da jami'a. Babana ya rasu tun ina firamare. Mahaifiyata, Mma Abibatu, ita ce mai wankan gawar mata a layinmu da layukan bayan masallaci, ita da aminiyarta Mma Azaratu.

A shagon nan na tsinci kalmar da ta hana ni sakat. Ɗalibai ba sa yini ba su faɗe ta ba: weird. Netwok ya tsaya, weird. Malami ya zo aji da takalmi ba safa, weird. Waakye, shinkafa da waken nan, ya ɗan yi tsami, weird. A Hausarmu abin da ya fi kusa da ita shi ne "wani iri". Ba a ce abu mummuna ne ba, ba a ce haram ne ba, an dai ce bai zauna yadda aka saba ba. Amma ina tsaye bayan inji na lura da wani abu. In a kan abu aka faɗe ta, dariya ke biyo baya. In a kan mutum ne, sai a sassauta murya, kuma sai ki ga an ɗan ja kujera baya. Abin haushin shi ne ba zagi ba ce balle ki kai ƙara wurin manya. Wa zai je gaban liman ya ce an kira shi wani iri?

Nan Irfan ya same ni, ya zo buga kundin digirinsa na biyu. Ɗan unguwar Kwadaso ne, daga gidajen nan masu katanga da fulawa a bakin get. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum rigarsa a goge kamar yanzu aka sauke ta daga igiya. Ya yi ta dawowa da shafukan da babu abin da ya same su. In na miƙa masa takarda sai ya san yadda ya yi yatsunsa suka shafi nawa, ni kuma in harare shi, ya ce takardar ce ke da santsi. Wata rana ya ga ina jera masa shafuka daga dama, ina bisimilla kafin in sa wuƙa, ya yi dariya ya ce da Turanci wai ni weird ce, kuma abin da ya ja shi gare ni ke nan. Ranar a trotro, bas ɗinmu na haya, har na wuce tasharmu ban sani ba, don daɗi. Kun ga wauta irin ta mai so.

Da magana ta yi nisa na ga ya kamata ya ji aikin Mma daga bakina kafin ya ji a gari. Na faɗa masa a cikin motarsa, yana shirin sauke ni a bakin titi. Ya kalli sitiyari.

"Abin dai is a bit weird," in ji shi a hankali. "Amma aikin lada ne. Kuma ai na Mma ne, ba naki ba."

Na gyaɗa kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Gaskiyar ita ce tun ina sakandare nake bin su, da farko ina riƙe zanen da ake kare gawa da shi, daga baya ina zuba ruwa. Tunda sanyin ƙashi ya kanannaɗe wa Mma yatsu, ita ce baki, ni ce hannu. Ni ke juyawa, ni ke cuɗawa, ni ke kitso.

Kafin ku zage ni a kan shirun da na yi, ku ji wannan. Mma ta taɓa sayar da waakye a bakin mararraba, har layi ake yi mata. Da aka san ta fara wankan gawa babu wanda ya ce mata uffan. Sai a zo a durƙusa a ce sannu da aikin lada, a miƙe a sayi na maƙwabciyarta. Haka tukunya ta riƙa kwana har ta daina ɗorawa. Yau in ana suna ko biki, kujera mai kyau ake ba ta a inuwa, a kawo mata nama mai tsoka, amma ta gwada matsawa kusa da murhu ta ga yadda za a yi caa a ce Mma ki huta. Suna girmama ta sosai, daga nesa. Na girma ina kallon wannan nesan, kuma ina tsoronsa fiye da yadda nake tsoron gawa.

Ƙanwar Irfan, Farhana, ita aka fara turowa ta ga gidanmu. Ta zo da ƙaramin mayafi da turare mai tsada, ta zauna a bakin gado a ɗofane. Idonta ya sauka kan shuɗin bokitin da ke rataye bayan ƙofa, wanda duk Zango an san shi: safar hannu, garin magarya, kafur, auduga da matajin katako. Ta tambaya, Mma ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye. Tana fita tsakar gida ta kara waya a kunne, kuma bangon ɗakinmu ba ya riƙe sirri.

Da yamma muna tsintar shinkafa, Mma ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Sherifa, mene ne wiyad?"

Na ce mata wani iri ke nan.

"To," in ji ta, ta ci gaba da tsinta.

Wannan "to" ɗin ya fi mari zafi a wurina. Mma Azaratu kuwa, da ke zaune kan turmi tana cin goro, dariya ta yi har da tari. Ita mutuniyar Yendi ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, kuma bakinta ba ya da birki.

"Ka gaya ma yarinyan nan, ranan da ya mutu, wiyad ne zai juya shi hagu da dama," in ji ta. Ta nuna ni da tsinken goro. "Kai kuma Sherifa, na gaya maka, ranan nawa kai ne zai wanke ni. Ruwa mai ɗumi fa. Ni ba na son sanyi kraa, ko kaɗan."

Kullum sai ta faɗi wannan, kullum sai in ce mata ta bari sai ta ga jikokina.

Da aka tsayar da ranar kawo goron neman aure, Baffa Iddi, ƙanen babana, ya zo ya kafa doka. Shi makanike ne, kuma ya riga ya gaya wa duk garejinsu cewa 'yarsa za ta shiga Kwadaso. Ya ce bokiti ya koma ƙarƙashin gado, ni kuma ƙafata kada ta taka gidan rasuwa har sai an ɗaura aure, bayan nan ma sai abin da miji ya ce. Ya ce wa Mma ita ta riga ta zaɓi nata, kada ta rufe wa yarinya ƙofa. Mma ba ta yi musu ba. Da ƙafarta ta tura bokitin ƙarƙashin gado, don hannun ba ya iyawa.

Na shirya wa Asabar ɗin nan kamar ba gobe. Leshi ruwan zuma na kai wa telana na Dichemso, ya yi mini riga mai dogon hannu da duwatsu a wuya, na samo mayafi da takalmi masu shiga da shi. Wata Buzuwa ta zana mini lalle baƙi da ja har gwiwar hannu. Sobolon baƙi kuwa, wato zoɓo, ban bar wa kowa ba, ni na dafa abina da citta da kanumfari da ɓawon abarba, na tace, na kai firjin maƙwabta ina addu'ar kada a ɗauke wuta. A wurinmu yarinyar da aka zo nema ita ke fito wa baƙi da abin sha da hannunta, a nan ake ganin tafiyarta da durƙusonta. Na yi ta gwada durƙuson a gaban madubi har Mma ta ce zan karya gwiwa kafin ranar.

Da hantsi mai kwalliya ta gama mini ido ɗaya tana kan na biyu, saƙon Irfan ya shigo: "Amaryata, Hajiya ta ce bayan azahar muna hanya. Turo hoto mana." Ina murmushi ina neman inda haske ya fi kyau, sai na ji sallama a tsakar gida da muryar da ba ta biki ba. Surukar Mma Azaratu ce, ko takalmi babu a ƙafarta. Ta ce tsohuwa ta yi sallar asuba ta jingina da bango da carbi a hannu, sun ɗauka gyangyaɗi take yi. 'Ya'yanta na arewa sun ce kada a jira su, a kai ta bayan azahar.

Mma ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta durƙusa da ƙyar, ta jawo bokitin da bayan hannu, ta yi ta ƙoƙarin kama mariƙin yana zamewa, a ƙarshe ta saƙala shi a gwiwar hannu. Ko kallona ba ta yi ba. Da ta kalle ni ta ce in taso, da na sami wanda zan yi wa fushi. Ba ta ba ni wannan ba.

Baffa yana tsakar gida yana jera kujerun haya. Ya yi ta'aziyya, sannan ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakinmu ya cika ta.

"Akwai mata a gidan can," in ji shi. "Su taimaka mata."

"Baffa, zane kawai za su riƙe, su kau da kai. Mma ba za ta iya juya ta ba."

"A nemo masu wankan unguwar Aboabo."

"Kafin su zo an yi azahar."

"Sherifa, in kika fita ƙofar nan yau, ke kika sani."

Na koma na zauna a bakin gado, ido ɗaya da kwalliya ɗaya babu. Leshin yana rataye a gabana yana ƙyalli. In na zauna, baƙuwar hannu ce za ta taɓa matar da ta koya mini yadda ake rufe tsiraicin wanda ba zai iya rufe kansa ba, kuma na san ruwan famfo za a kwara mata yadda ya zo. In na tafi, ƙila in dawo in tarar na rasa Irfan. Wallahi ina son Irfan, ba na jin kunyar faɗa. Amma kunnena ba abin da yake ji sai "ruwa mai ɗumi fa".

Na ɗaura tsohon zanena, na zura hijabi, na ce wa Baffa ya yi haƙuri zan dawo kafin baƙi. Na cim ma Mma a bakin layi na sauke bokitin daga hannunta.

Abin da na gani a ɗakin can ba zan gaya muku ba, mu ba ma faɗa. Abin da zan iya cewa shi ne ni na hura gawayi na ɗora ruwa, na surka shi, na gwada da bayan hannuna kamar na jariri. Na fara da damanta. Mma tana tsaye wajen kanta tana gaya mini abin da na riga na sani, don in ta yi shiru kuka zai ƙwace mata. Da na zo kitso, na ga lallen amarcina ta cikin safar hannu yana shiga farin gashinta, sai hawaye ya rufe mini ido. Mma ta sunkuya ta ce wa ƙawarta a kunne, "Azaratu, ga shi nan da ɗumi, kar ki ce ba a yi miki ba."

Ba mu fito ba sai da aka ɗauki makara, kuma a hanya ƙafafun Mma suka ƙi, muna tafiya muna tsayawa. Tun daga nesa na hango motoci a ƙofar gidanmu. Sun riga mu. Motar Irfan tana can gefe wajen kiyos, shi ango ba ya shiga, kansa a sunkuye kan waya. Na tsaya ina neman wata hanya, alhali a gidan aka haife ni, na san babu. Ƙofa ɗaya ce, kuma tana buɗewa ne tsakiyar kujerun baƙi.

Haka na shiga da sallama, da tsohon zane, da shuɗin bokiti, da ido ɗaya mai kwalliyar da hawaye ya jagwalgwala. Ga Hajiyar Irfan cikin farin leshi, ga kawunsa Alhaji Abdul-Manan, ga gwaggonni, ga ƙunshin goro a ganye an ajiye a tsakiya. Farhana ta kalli bokitin, ta kalli Hajiya, ta ɗauki waya. Baffa ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce ai yarinyar akwai tausayi, rakiya ta yi wa mahaifiyarta don ta riƙe mata kaya.

Na yi wanka, na cuɗa hannuna da sabulu har fata ta yi zafi, na fesa duk turaren da na mallaka. Wanda ya san kafur ya san ba ya jin wannan. Ina ɗaura ɗankwali waya ta yi ta haske da saƙonnin Irfan.

"Farhana ta ce ta gan ki da bokitin. Rakiya kika yi ko?"

"Sherifa?"

"In an tambaye ki ki ce rakiya ce. Please, don't make it weird."

Na daɗe ina kallon wannan na ƙarshen. Wato kada in ɓata zama, kada in sa mutane su rasa inda za su sa idonsu. Wato abin ba zai zama wani iri ba muddin na yi shiru, ni ce zan mai da shi haka in na buɗe baki. Na rubuta masa: "Ni na yi mata wanka. Ni nake yi tun tuni, hannun Mma ba ya iyawa." Na ga ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Ba abin da ya shigo.

Na ɗauki tire na fita. Maƙwabta duk sun fito ƙofofinsu, masu wanke kwanon da ba shi da datti, masu shanya kayan da suka riga suka bushe. Na durƙusa gaban Hajiya yadda na koya a madubi. Ba zan yi mata ƙarya ba, mace ce mai kamala, ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗiyata, wa ya haɗa sobolon?"

"Ni ce, Hajiya."

Ta ɗan ja numfashi ta hanci. "Baffanki ya ce rakiya kika yi."

Na ji idon Baffa a bayan wuyana. Na ce, "A'a Hajiya, ni na wanke ta. Ita ta roƙe ni tun tana da rai."

"Allah ya jiƙanta," in ji Hajiya. "Allah ya ba ki lada."

Ta ɗauki kofi ta gode, ta sunkuya ta ajiye shi a ƙarƙashin kujerarta. Gwaggo ta kusa da ita ta yi haka. Alhaji Abdul-Manan ya ce shi sukari ya hana shi. Haka na zagaya da gwiwa, kowa na godiya, kofuna na sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya a cike. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ɓata fuska. Na hango Mma zaune a ƙofar ɗakinmu, yatsunta a kanannaɗe kan cinya, tana kallon kofunan nan da idon wadda ta taɓa ganin irinsu.

Sai aka yi sallama daga ƙofa. Irfan ne, cikin shadda ruwan toka, ya shigo inda bai kamata ango ya shigo ba. Hajiya ta kira sunansa a hankali, bai tsaya ba. Ya zo har gabana ya ce ƙishi yake ji. Na ɗauki kofin da ya rage a tire na miƙa masa. Ya karɓa ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya shanye, a gaban mahaifiyarsa da duk gidanmu. Wata maƙwabciya ta fara guɗa ta haɗiye rabi. Na san da yawanku a nan za ku ce Sherifa me kuma kike nema, ga namiji.

Amma ni ce na miƙa kofin, ni na ga yadda aka karɓe shi. Ta bakin kofin ya kama, da kan yatsu biyu, daga sama, ya zare shi a hankali yadda fatarsa ba za ta taɓa tawa ba. Mutumin da ya yi watanni yana ƙirƙiro santsin takarda don ya shafi yatsun nan.

Baffa ya ga ƙofa ta buɗe, bai bari ta rufe ba. Ya jawo ƙunshin goron gabansa, ya gyara murya, ya yi mini tambayar da ake yi wa kowace yarinya a gaban shaidu.

"Sherifa, ga baƙi sun zo da goro suna neman ki wa ɗansu. Mu karɓa?"

In na ce a karɓa, na san kujerar da ke jirana a Kwadaso, mai kyau ce, a inuwa, nesa da murhu. In na ce a'a, na watsa wa mutumin da ya shanye kofina a gaban uwarsa ƙasa a ido, kuma zuciyata ba ta daina son sa ba ko na minti ɗaya. Na dubi Mma, ta sunkuyar da kai, ta bar mini kayana.

Baffa ya sake tambaya, wannan karon da ɗan kaushi. Na ɗago na dubi Irfan. Murmushi yake yi mini, irin wanda ya sa na wuce tasharmu a trotro, yana gyaɗa mini kai in amsa. Hannunsa na dama kuwa yana gefen rigarsa, yana goge yatsun nan biyu a jikin shaddar, yana sake gogewa, shi kansa bai san yana yi ba.